Yadda Cindo Ya Shirya wa Kwamfuta Muhalli

Ya kai mai karatu, mai daraja da martaba, wanda Allah Ya hore wa ido mai gani da haƙurin zama da takarda, bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutum kamarka, da fatan wannan rubutu ya same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, ina roƙon ka ara mini hankalinka na ɗan lokaci. Mai yi maka wannan magana shi ne Malam Gwadabe Isiyaku na Rafin Kanya, tsohon Hedimasta, wanda ya riƙe alli shekara talatin da takwas, ya kuma sami takardar malanta mai daraja ta biyu a zamanin da takarda take takarda. Ban faɗi haka don alfahari ba, sai don ka san wanda ke gabanka ba mai shaci-faɗi ba ne. Shekarata saba'in da tara. Yanar ido ta rufe mini idon dama, ta soma cin na hagu, har ya zama wannan rubutu ma shifta nake yi, hannun wani ke ɗauka.

Na san mutanen yanzu ba su son doguwar shimfiɗa, sun fi son a jefa musu magana kamar yadda ake jefa wa kaji tsaba. To ni ban iya shiga gidan mutum ba sallama ba, kuma tsufa ya hana ni koyon sabon hali. Idan dariya ka zo nema, za ka tsinci kaɗan a hanya, ka yi abarka, ban hana ba. Ni dai da abin ya faɗa wa, ban yi ba.

A bayan gidana akwai gidan ƙanwata Kande, wadda mijinta ya rasu da daɗewa, kunnenta kuma ya yi nauyi. Tana da awaki huɗu, da zakara ɗaya, da rumbu biyu: na tsakar gida da ake ɗiba kullum, da na bayan gida wanda ba a buɗewa sai abinci ya yanke a tsakiyar damina. Tana kuma da ɗa guda, shi ne Cindo, mai yatsu shida a kowane hannu, magidanci ɗan shekara arba'in da biyar. Cindo ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba ne. Ciwonsa ɗaya: abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Ina jin ni na sa masa wannan ciwo, domin yana aji uku na yi masa bulala goma sha biyu saboda ya ƙara kalma ɗaya a cikin shifta, tun ran nan bai sake sa nasa hankali a cikin maganar wani ba. Da ya girma na ɗauke shi mai buga tafireta a makarantarmu, ya zama gwani, har wata rana ya buga mataccen ƙuda da ya maƙale a takarda a matsayin aya.

Ga abin da ya haɗa mu aiki. Shekara arba'in ina bin marina da majema da masaƙa da makiyaya, ina rubuta kalmomin sana'arsu da sunayen ciyayi waɗanda yau ko jikokinsu ba su sani ba. Suka cika littafi goma sha bakwai, na adana su a akwatin katako cikin tsohon sorona. Mutanen da suka ba ni kalmomin duk sun kwanta dama. Idan littattafan suka tafi, kalmomin sun tafi ke nan.

Sai Allah Ya kawo Tasallah, tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take rubuta manhajar kwamfuta a Jos. Ta ce, "Baba Hedimasta, muna da wata manhaja ta ƙamus, sunanta Gandun Harshe. Aikin gayya ne. Ba ta kowa ba ce, ta kowa ce. Duk mai so ya duba cikinta, ya gyara, ya ƙara, ba mai hana shi. In kalmominka suka shiga, ko gara ta cinye garin nan ba su ɓata."

Na ce, "To a zuba su mana."

Ta ce, "Ai mai zuwa gayya da fartanyarsa yake zuwa, Baba. Sai an shirya kwamfutar, an sa mata kayan aiki, sannan ta iya haɗuwa da tamu."

Ta bar mana kwamfutar cinya da farantin sola, da takardar umarni shafi huɗu da ta juya zuwa Hausa da kanta, ta ce sauran bayani za ta riƙa aikowa ta saƙon murya. Masu ilmin garin duk sun tafi birni, idona kuma ba ya gani, sai aikin ya faɗa kan Cindo: ya shirya kwamfutar a zaurena, yana kuma buga littattafan ɗaya bayan ɗaya. Amma littafi uku na ware na hana shi. Su ne na kalmomin gurza da shiɓa da kaɗin auduga, waɗanda na ɗauka daga bakin matata, marigayiya Yalwa, tana murza mazari ina rubutu. Na naɗe su da ɗankwalinta na ɗora a kan kantar bango cikin soron, na ce waɗannan sun fi ƙarfin hannun wawa, ni zan san yadda zan yi da su.

Wata rana, wato ranar farko, Tasallah ta aiko da saƙo ta ce, "Cindo, kafin komai ka shirya muhallin aiki. Ka tabbata muhallin tsaf yake, babu tarkacen da a cikinsa." Cindo ya ce to. Kwana uku ina jin ƙarar tsintsiya da fartanya. Ya share zaure, ya nome ƙofar gida, ya yashe kwata, ya turara ɗaki, sannan ya jiƙa farar ƙasa ya shafe duk abin da idonsa ya gani, har da farantin sola. Rana ta huɗu na tambaye shi ina aka kwana.

Ya ce, "Kawu, muhalli ya shiryu. Ko ƙuda ya shigo sai ya ji kunya."

"Kwamfutar fa?"

"Tana cikin jakarta. Ba a ce in buɗe ba."

Da aka buɗe babu wuta, domin faranti ya sha farar ƙasa ya makance kamar ni. Kwana biyu aka yi ana kankarewa. Da Tasallah ta ji, sai ta ce muhallin da take nufi wani ɗan keɓantaccen wuri ne a cikin kwamfutar, inda ake tara kayan aikin manhaja don kada su cakuɗe da wasu. Na ce da ta faɗi haka tun farko. Ta ce bayanin yana shafi na biyu. Cindo ya ce ba a ce ya juya shafi ba.

Wata rana kuma ta ce, "Manhajar nan da wani yaren kwamfuta aka rubuta ta, mu a tsakaninmu Mesa muke ce masa, don abin da sunansa ke nufi ke nan. Ka samo Mesa ka sa. Amma ta uku, ka ji? Ta biyu ta tsufa, ba ta aiki." Washegari kasuwar maƙwabtanmu ke ci, Cindo ya saɓi zakaran uwarsa ya tafi. Ya sami wani gardi mai wasa da macizai, ya sa shi ya fito da mesa ɗaya, ya ce ba ita ba, ya fito da ta biyu, ya ce ta tsufa, ya fito da ta uku, ya ce yawwa. Ya bar zakara, ya karɓo aron mesa a buhu. A hanya ya tuna masu lambu ma suna kiran abin ban-ruwansu mesa, don haka ya biya fadama ya aro tasu, ita ma ta uku a jeri. La'asar sakaliya ina zaune da Liman da dattawa biyu, ya shigo ya sauke buhu da naɗin roba.

Ya ce, "Kawu, ban san wacce take nufi ba, na kawo duka. Ta ina ake sawa?"

Kafin in ba shi amsa ya kwance bakin buhu. Mesar ta sulalo, ta ji ɗumin batirin sola, ta je ta naɗe shi ta kwanta. Liman ya fita da takalmi ɗaya. Ni kuwa, wanda sufetocin makaranta ke miƙewa in na shiga, a kan tebur aka same ni, ban kuma san yadda na hau ba. Sai bayan kwana biyu gardin ya zo ya ɗauke abarsa, zakara kuwa ya ce ya riga ya shiga tukunya. Daga nan Tasallah ta gane hanya: ta riƙa faɗa wa Cindo abin da zai buga harafi bayan harafi, shi kuma a nan ba a kama shi da kuskure. Haka Mesar gaskiya ta shiga kwamfuta.

Wata rana ta ce, "Yanzu sai ka ƙera mabuɗi biyu, da su manhajarmu za ta gane ka. Ɗaya na jama'a ne, kowa ma ya samu ba laifi. Ɗaya na sirri ne, kada kowa ya gan shi, ko ni." Kwaɗo ɗaya ne a gidansu, shi ne na garken awaki. Cindo ya cire shi ya kai wa Jatau maƙeri. Aka ƙera na jama'a lafiya. Da aka zo na sirri, sai ya ce sai Jatau ya ɗaure ido.

Jatau ya ce, "Kai Cindo, ka taɓa ganin makaho a maƙera?"

Ya ce, "An ce kada kowa ya gani. Kai ba kowa ba ne?"

Jatau, don ganin girmana, ya ɗaure ido da rawani, ya doki babban yatsansa da masaba, ya ƙera wani abu da ba ya buɗe komai. Cindo ya karɓa idonsa a rufe, ya je ya jefa a rijiya. Na jama'a kuwa ya rataye shi a ƙusa a jikin kanyar bakin kasuwa, ya tsaya yana sanar da masu wucewa cewa wannan mabuɗin garkensu ne, kowa ya samu ba laifi. Kwana biyu tsakani, awakin Kande huɗu suka koma biyu. Ta zo zaurena tana share hawaye da gefen mayafi.

Ta ce, "Yaya, boko ya ci mini zakara, ya ci mini awaki. Ka tambayar mini shi, saura me yake so?"



Wata rana Tasallah ta ce, "Kada ka yi aiki a kan uwar, za ka ɓata wa kowa. Ka cire reshe naka na kanka, ka yi aikinka a kai." Tana nufin a cikin manhaja kowa kan ware gefensa ya yi gwaji, in ya yi kyau a haɗe da na jama'a. A tsakar gidana akwai darbejiya da Yalwa ta dasa shekarar da muka tare. Cindo ya hau da gatari, ya zaɓi reshe mafi kauri don ya ɗauki mutum da kwamfuta. Reshen ya faɗo a kan tsohon soron, ya karya indararo, ya tsaga rufi. Na fito na tarar da shi zaune a kan reshen a ƙasa, kwamfuta a cinya, yana bugu da yatsunsa goma sha biyu.

Ya ce, "Kawu, ban taɓa uwar ba. Ga ta can tsaye."

Kande ta kwashi ganyen ta ce a zuba a rumbunta na baya saboda ƙwari, sannan ta dubi tsagar ta ce, "Yaya, a kira magini kafin ruwa ya sauka." Na ce mata soron nan ubanmu ya gina shi, ya ga damina sittin, ba tsagar da yatsa ba ya shiga ce za ta kayar da shi ba. Na rubuta wannan amsa tawa a nan domin gaskiya ta cika, ba don tana yi mini daɗi ba.

Wata rana, bayan an sha wannan wahala duka, Tasallah ta ce, "Alhamdu lillahi, saura abu ɗaya. Duk littafin da ka gama bugawa, kada ka bar shi ya kwana, ka zuba shi a rumbu. Abin da ke rumbu ba ya ɓata." Rumbu shi ne sunan da suke kiran ma'ajiyarsu ta can nesa, inda aikin kowa ke taruwa. Cindo ya ce to. Daga nan duk lokacin da ya gama littafi sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, na zuba." In ce Allah Ya yi albarka, zuciyata ta yi fari, ina cewa yau dai ya yi abu ɗaya daidai. Ita kuwa Tasallah kullum sai ta ce, "Baba, ni ban ga komai ba a rumbu." In tambayi Cindo, ya ce ya zuba. Muka ɗora laifin a kan sabis ɗin garinmu, wanda sai an hau tudu ake samu. Wata biyar ana haka, har ya gama littafi goma sha huɗu.

Sai ruwa ya sauka. Ranar wata Talata aka tashi da shi tun hantsi, bai ɗauke ba sai bayan azahar ta Laraba. Ina zaure na ji ƙasa ta girgiza. Soron ya zauna. Da aka tona, azara ta ragargaza akwatin, abin da ke ciki ya zama kunu, ba a bambanta tsohuwar jarida da littafi. Ɗankwalin Yalwa aka miƙo mini, na lalube shi, abin da ke cikinsa ya narke a hannuna kamar danƙo. Ina tsaye a cikin taɓo sai Cindo ya matso.

Ya ce, "Kawu, ai littattafan..."

Na ce, "Rufe mini baki! Kai da reshenka! Kada in sake jin muryarka a duniya sai na tambaye ka."

Ya rufe. Ko uwarsa bai ƙara yi wa magana ba, a masallaci ma leɓensa kawai ke motsi.

Na rarrashi kaina da cewa littafi goma sha huɗu suna cikin kwamfuta, abin da ya rage a tura su su isa wurin Tasallah. Ita ta ce in jira ta kwana goma. Ban jira ba. Na aika aka kira Sabitu, mai gyaran waya a bakin tasha, wanda ya rubuta Injiniya a allon shagonsa ba tare da wata makaranta ta ba shi ba. Ya zo da baƙin tabarau, ya zauna a kujerata ban ba shi ba, ya latsa nan ya latsa can.

Ya ce, "Baba, wa ya jagwalgwala ta haka? Ai ta cika da shirgi. Sai an wanke ta tas, a sake zubi."

Na ce, "Abin da ke cikinta fa? Aikin shekara arba'in ne."

Ya ce, "Haba Baba, ni ne fa. Ko ɗigo ba zai taɓu ba. Minti goma."

Na miƙa masa takardar umarni, ya ce shi ya wuce karanta irin wannan. Sai Cindo ya karɓi takardar, ya tsaya a gabansa, ya ɗora yatsa a kan layin farko, inda aka rubuta cewa kafin a goge komai a kwafi aiki a ajiye a wani wuri dabam. Ya nuna, ya sake nunawa, yana girgiza kai, bakinsa a rufe.

Sabitu ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan beben naka ya matsa mini, yatsunsa sun yi yawa suna kare mini haske."

Na ce wa Cindo ya koma gefe. Ya koma. Minti goma suka cika, kwamfuta ta tashi fes kamar ranar da aka ƙera ta: babu muhalli, babu Mesa, babu mabuɗi, babu reshe, babu kalma ko ɗaya. Sabitu ya nema, ya sake nema, gumi ya karyo masa, ya cire tabarau, daga bisani ya ce wai da ma can babu komai a ciki. Kwana tara na yi ban fita ƙofar gida ba. Nakan zauna in yi ƙoƙarin tuno kalmomin marina, in kamo uku, ta huɗu ta kuɓuce.

Dagaci ya ji labari, ya ce tun da ni ne shugaban dattawan sulhu na garin, kuma ni aka cuta, in zauna da dattawa in yanke abin da na ga dama, ya amince. Aka taru a ƙofar gidana bayan la'asar, ranar da Tasallah ta iso. Sabitu ya tsaya a kan bakansa cewa babu komai a kwamfutar, wawa bai taɓa buga ko harafi ba, shaida kuwa ga ta: wata biyar ana cewa an zuba a rumbu, mai rumbu ta ce ba ta gani ba.

Tasallah ta ce, "Gaskiya ne ban gani ba. Amma a tambayi Cindo mana."

Sai a lokacin na tuna kwana goma sha ɗaya ban ji muryarsa ba. Na ce, "Cindo, na tambaye ka. Kullum kana ce mini ka zuba. Ina abin da ka zuba?"

Ya gyara murya, domin ta dushe, ya ce, "Yana rumbu, Kawu."

"Wane rumbu?"

"Na baya. Na tsakar gida ana ɗiba kullum, ita kuwa ta ce wanda abu ba ya ɓata."

Aka ɗauki tsani, jama'a suka bi mu har bayan gidan Kande. Cindo ya hau, ya ɗaga jinka, ya shiga, ya soma miƙo su ɗaya ɗaya. Littafi goma sha huɗu, a bushe ƙayau, suna ƙanshin gero da ganyen darbejiya, ko gara ba ta leƙa su ba. Ashe duk wanda ya gama bugawa ba akwatin yake mayar da shi ba, tsani yake hawa ya jefa shi a kan dami. Na rungume su ina lalubar bangonsu, ina gane kowanne da taɓi.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini tun ranar da soro ya faɗi?"

Ya ce, "Na fara, Kawu. Ka ce in rufe baki."

Kande, da aka yi mata bayani da ƙarfi a kunne, ta ce, "To, ashe dai boko ya san inda ake ajiya."

Tasallah ta zauna a gindin rumbun tana dariya tana share ido. Ta ce a cikin masu gayyarsu akwai masu digiri biyu biyu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya ajiye aikinsa a wuri mai aminci kamar wannan ba. Sabitu ya sunkuyar da kai, da Liman ya matsa masa ya amsa cewa ya ga fayilolin da idonsa kafin ya goge, ya ɗauka shirme ne.

Cindo ya leƙo daga bakin rumbun ya ce, "Kawu, goma sha huɗu ne. Sauran ukun ba ka ba ni ba."

Na ce na sani. Ya ce, "Da ka ba ni, da suna nan." Bai faɗa don ya soke ni ba, ba ya da wannan wayo. Lissafi kawai ya yi. Kalmomin Yalwa, da yadda take kiran zare in ya yi kauri da yadda take kiransa in ya tsinke a hannun amarya, sun tafi tare da soron, a hannun mai takardar malanta, ba a hannun wawa ba. Na tambayi tsofaffin matan garin, babu wadda ta riƙe ko rabinsu. Wannan laifi ban sami dattijon da zai yanke mini tararsa ba, ina biya dai kullum in na ji iska a cikin darbejiyar nan.

Amma na Sabitu na yanke, dattawa suka sa hannu, Dagaci ya tabbatar. Na ci shi tara kamar haka, ya kai mai karatu, domin ka san ba a yi sakaci da hukunci ba. Zai kawo dami goma sha huɗu na shuci, dami ɗaya a kan kowane littafi, ya yi wa rumbun Kande sabuwar jinka da hannunsa. Zai goge kalmar Injiniya daga allon shagonsa. Zai tsaya a ƙofar gidana ya karanta takardar umarnin nan shafi huɗu da ƙarfi, tun daga layin farko, sannan ya sake shirya kwamfutar bisa abin da ke cikinta, ya sake buga littattafan duka, Cindo na zaune a kansa yana duba masa kowane harafi. Kuma shi zai ɗauki shiftar wannan labari daga bakina, da sunansa a ciki, ba shi da ikon rage kalma ko ƙara ta. Hannun da ya rubuta abin da ka karanta ke nan.